Abin da Na Ce Masa a Saman Tudu

Ni ban taɓa son keke ba. Ubana a kan keke ya ƙare, yana kai kananzir ƙauyuka da jarkoki a baya. Da na bar makaranta a tsakiyar sakandare na rantse ba zan gaje shi ba, na sayar da abin da zan sayar na taho Ingila. To me na tarar? Keke. Shekaru na yi ina kai wa ɗalibai abinci a unguwar Fallowfield ta Manchester da ƙatuwar jaka a baya, 'ya'yan mutane su buɗe ƙofa da kayan barci su karɓa, ko fuskata ba sa kallo. Wasu ma 'yan gida ne da gwamnati ta turo karatu, in sun ji Hausa a bakina sai su ce "Sannu, Baba" da irin muryar da ake gaisuwar mutuwa. A unguwar ne wani ya buɗe ƙofar mota a gabana, na tashi sama na dawo a kan kafaɗa. Har yau in za a yi ruwa ita take fara gaya mini. Saboda haka na san kwalta, na san yadda take cin fata.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ni. A Gorton, wata unguwar Manchester, aka haife shi, a can ya tashi wurin uwarsa bayan mun rabu na koma Birmingham, na kama ɗaki a Handsworth ina aikin ɗaurin kaya a wani sito. Tsohon kekena da na yar a bayan gidanmu, shi yaron ya tsinta. Daga nan ya shiga ƙungiyar masu tsere, aka fara ba shi kofuna na roba, kafin in farga an ce ai biyansa ake yi. Wai sana'a. Ya rame kamar mai jinya, yana aske gashin ƙafa, shinkafa ma sai ya auna kafin ya ci. "Dad" yake kirana. Hausarsa ba ta wuce ta aike da tsawa ba: zo, tafi, bari, tsaya, sauka.

Ita wannan ta ƙarshe ni na koya masa. Yana ƙarami nakan kai shi filin wasan yara, ya hau abin nan na ƙarfe da suke zamowa ƙasa, in ya kai sama sai ya ƙanƙame ya ƙi motsi, yaran Turawa sun yi layi a bayansa. Ni kuma kunya ta kama ni, in tsaya a ƙasa in ce, "Sauka mana, matsoraci. Sauka." Sai ya rufe ido ya sako jikinsa. Na manta da wannan sarai. Shi bai manta ba.

Wata rana ya kira ni ina hutun cin abinci. Ya ce an sa shi a babban tseren nan da ke zagaya ƙasar, wanda ake kwanaki ana yi, kullum a tashi daga wani gari a kwana a wani. Ya ce akwai ranar da za su hau duwatsun da ke gabas da Manchester, ita ce ranar da take karya mutane. Kwantiraginsa kuma a shekarar zai ƙare, in bai kai ƙarshen tseren ba sai dai ya nemi wani aiki.

Na ce, "To ai da ka huta."

Sai ya ce, da Turancinsa na Manchester mai haɗiye rabin magana, "Za ka zo?"

Bai taɓa tambayata haka ba. Na ce zan duba.

Wani ɗan Jamaika da muke aiki tare shi ya jawo mini. Da ya ji ɗana na cikin tseren sai ya buɗe waya ya nuna mini yadda suke gangarowa daga dutse. Mutum ya kwanta a kan ƙarfe da tayar da ba ta fi kaurin yatsana ba, yana gudun da mota ke yi a babban titi, ba komai a jikinsa sai riga kamar fatar albasa da hular roba. Ya nuna mini wani da ya kasa shan kwana. Na ce ya rufe. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Na hau bas zuwa Manchester, na biya ta Gorton. Uwar yaron ta buɗe ƙofa da carbi a hannu.

"Ke ba za ki ba?"

"Ni ba zan iya gani ba. Kai da Allah ya yi wa busasshiyar zuciya, je ka."

Ta miƙo mini filas na shayi, ta rufe ƙofa. Ƙanenta, direban tasi ne, shi ya ɗauke ni. Tun ina auren yayarsa yake tsokanata, rabuwarmu ba ta hana shi ba.

"Yaya, yau fa za ka ga gadon gidanku a talabijin. Kaka keke, uba keke, jika keke."

"Tuƙa motarka."

"Shi dai nasa ya fi wannan motar tsada. Naka ko ɓarawo bai ɗauka ba."

An rufe hanya tun daga gindin tudun, dole muka ajiye motar a wata gona muka hau da ƙafa. Ni da na zata tudu ne irin na gari. Hawa ne ba ƙarshe, ba bishiya, sai ciyawa da tumaki da katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Iska tana dukan fuska, yayyafi yana shiga kunne. Turawa kuwa sun cika gefen hanya da kujeru da karnuka da ƙararrawa, sun rubuce kwalta da farin fenti, wani ƙato ma ya sa kaya masu siffar ayaba yana rawa. Sai ka ce biki ake.

Da muka kai sama na bar ƙanen matar nan yana shan shayi, na taka gaba in ga ɗaya ɓangaren. Da ban je ba. Titin ya faɗa ƙasa kamar an zuba shi daga bokiti, baƙi wuluk, ruwa na gudu a kansa yana sheƙi. Can ƙasa ya lanƙwashe ya ɓace cikin hazo. A daidai kwanar an jingina damman ciyawa a jikin katanga an ɗaure.

Wata tsohuwar Baturiya na zaune kusa da wurin da bargo a cinya. Na tambaye ta ciyawar ta mece ce.

Ta ce, "Ta waɗanda birki bai kama musu ba ce."

Ta faɗa tana murmushi. Da na ce ɗana yana ciki sai ta kama hannuna tana taya ni murna, ta shiga yi mini bayani. Ta ce a bayan kowa akwai wata mota da ake ɗaura wa tsintsiya, ita ke share waɗanda suka gaji. In mutum ya ji ba zai iya ba, sai ya tsaya, a cire lambar da ke bayansa, a sa kekensa a ciki, shi ke nan ya fita daga tseren. Ta ce abin kunya ne a wurinsu, wasu har kuka suke yi.

Ni kuwa tun da na zo tudun nan ban ji magana mai daɗi kamar wannan ba. Mota mai rufi, mai kujera, mai taya huɗu. A tsaye a wurin na fara roƙon Allah ya sa ɗana ya gaji.

Baburan 'yan sanda suka fara wucewa, sai ƙarar helikwafta a sama, sai ihu ya taso daga ƙasa yana hawowa. Na farkon suka zo, mutum kaɗan, baki buɗe, majina da ruwa a haɓa. Da suka kai sama kowa ya ja zif ɗin rigarsa har wuya, ya sunkuya, ya faɗa ramin nan. Sai babban ayari, tayoyi na feso ruwa. Na duba rigar ƙungiyarsa, na ga biyu, ba shi. Motoci masu kekuna a kai suka wuce. Sai ɗaiɗaiku, sai 'yan uku-uku, kowa fuska kamar an tono shi. Mutane suka fara naɗe kujeru.

Ƙanen matar ya ce, "Ko ya wuce ba mu gani ba?"

Sai na hango fitilar mota tana tahowa a hankali, a gabanta mutum ɗaya yana tafe yana karkace-karkace daga wannan gefen titi zuwa wancan. Tun kafin in ga fuska na gane kafaɗun. Kafaɗun ubana ne in ya ɗauko jarkoki. A jikin motar kuwa ga tsintsiyar nan a ɗaure, irin mai dogon sanda.

Leɓensa ya yi fari. Hannuwansa na rawa a kan kan keken. Wannan hannun ne zai matse birki a kwanar can. Da ya matso na ga ya murɗa dunduniya, takalminsa ya fita daga fedar da suke maƙale shi a ciki, ƙafar tana lilo.

Ban san lokacin da na shiga titi ba. Ina gudu a gefensa da ƙatuwar rigar sanyi, Turancin da na tara shekara da shekaru duk ya gudu daga kaina. Abin da ya rage shi na faɗa.

"Sauka. Sauka, don Allah. Sauka!"

Ya juyo ya dube ni. Idonsa ya daɗe kafin ya gane ni. Sai ya gyaɗa kai. Na ji sanyi a raina, na miƙa hannu zan riƙe masa keken. Sai na ji ƙas, ya mayar da takalmin cikin feda. Ya miƙe tsaye a kan keken, ya taka, ya taka, ya ja zif har wuya, ya sunkuya. Na bi shi da ido har hazo ya rufe shi kafin ya kai ciyawar nan. Motar tsintsiya ta bi bayansa ba kowa a kujerar da na roƙa masa.

Tsohuwar ta tafa mini. Ta ce ban san me ka gaya masa ba, amma ya yi aiki.

Ba a jima ba motar asibiti ta taso daga baya da jiniya, ta wuce mu ta gangara. Na ciro waya, babu sabis. Na ɗaga ta sama kamar mahaukaci, babu. Na ce zan bi titin da ƙafa, wani ma'aikaci mai riga ruwan ɗorawa ya tare ni ya ce kilomitoci ne masu yawa, kuma ba a buɗe hanyar ba. Ƙanen matar ya kama hannuna muka juya wajen mota. Muka kama gangarowa da ƙafa. In na dafa katanga zan huta, sai in ga duwatsun da aka yi ta da su, masu kaifi, in sake tashi.

Muna shiga mota wayar ta farfaɗo, uwarsa ce.

"Sun ce wani ya faɗi a gangara. Ba su faɗi suna ba. Ba sa nuna na baya. Ka gan shi?"

"Na gan shi a sama."

"Yaya yake?"

Na ce lafiya lau. Me zan ce mata?

Hanyar da muka bi zuwa inda suke ƙarewa ban san ta ba, ban kuma iya tuna ta. Na dai tuna ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina farawa ina rasa ƙarshe. Na tuna ina tunanin wa zai yi masa wanka, a wace maƙabarta, ko uwarsa za ta yarda a kai shi gida.

A wani filin ajiye motoci muka sami bas ɗin ƙungiyarsu. Yana zaune a kan akwatin ƙanƙara a bayanta, an lulluɓe shi da tawul. Wandon ya yage daga ƙugu zuwa cinya, fatar wurin babu, ja jawur, wata mata tana goge tsakuwa daga ciki da soso. Ya zame a wata kwana can ƙasa, ya tashi ya ci gaba, ya shigo kafin a rufe lokaci. Motar asibitin ta wani yaro ce da ya daki katanga. Ɗan wani ne shi ma. Na yi hamdala, kuma na san abin da nake wa hamdalar.

Da ya gan ni sai ya yi dariya, haƙoransa na kaɗawa.

"Dad, a can sama na sare fa. Na riga na cire ƙafa, motar zan shiga. Sai na ji ka."

Ya gyara tawul ya ci gaba.

"Kamar a filin wasa. Ka tuna? In na maƙale a sama." Sai ya gwada da Hausarsa mai karkata, "Sauka. Ka ce sauka, sai na sauka."

Ƙanen matar ya buɗe baki. Na taka masa ƙafa. Yaron ya miƙo hannu mai sanyi kamar kifi ya riƙe nawa, abin da bai yi ba tun yana firamare. Na ce masa ya bari a gama wanke ciwon, ya daina surutu.

A hanyar komawa mun kusa Gorton kafin direban ya yi magana.

"Yaya, da tsaya ka ce masa. Ai ya san ta."

Na ce na sani.

Ya kai ƙarshen tseren a cikin na baya-baya, suka sabunta masa kwantiragi. Yanzu a ƙasashen Turai yake yi, inda duwatsun suka ninka wancan, inda babu katanga ma sai rami. Kwanakin baya ya turo mini hoto. Akwai farin tef da suke mannawa a kan keken, a gaban idonsu, su rubuta inda hawa yake da inda za su ci abinci. Shi a ƙasan nasa ya rubuta kalmar nan, sauka, da manyan baƙaƙe, ya ma rubuta ta daidai.

Ban gaya masa ba. In na gaya masa, wata rana zai tuna a tsakiyar kwana, hannunsa ya yi shakka. Ranar da suke hawan dutse nakan ajiye wayar a kan kwali a sito, in kife ta, in ci gaba da ɗaurin kaya ina jiran ta yi ƙara.