Damin Alawa na Mai Jego

A shekarun tamanin ina aikin buɗe ruwa da rufewa a gonakin rani na wajen Kura. A lokacin ne aka yi wa uwar yarana aiki a asibitin birni wajen haihuwar ɗanmu na huɗu. Da aka sallame ta sai iyayenta suka wuce da ita gidansu a Bunkure don ta yi jego a can. Aka bar ni da yara uku da mahaifiyata, wadda muke kira Iya.

Ni ba mai daɗin baki ba ne. Duk zamanmu da matar nan ban taɓa miƙa mata wani abu na ce ga kyauta ba. Cefane kawai na sani, sai faɗa idan tuwo ya makara. Allah Ya yafe mini.

Wata rana ina ba yaran labarin abin da na gani a Kadawa, inda aka miƙa wa matar wani injiniya damin furanni ranar da za su bar aiki. Ina dariya na ce mutanen nan ciyawa suke ba juna. Sai ta tsakiyar, mace, wadda ba ta wuce shekara shida ba kuma ta fi kowa kewar uwarta, ta ce, “Baba, mu yi wa Inna irinsa mana. Amma na alawa, ita ba akuya ba ce.”

Ranar da ba ni da aiki na sayo madarar gari da sukari da riɗi, na tsuguna gaban murhu. Iya na zaune kan tabarma tana kallon ikon Allah.

“Yau kuma gemu ne a bakin tukunya? Rage wutar, ɗan nan, ba kan saniya kake dafawa ba.”

Tukunyar farko ta ƙone ƙurmus. Ƙaramin, mai shekara uku, sai zagaye yake yana neman tsoma yatsa a tafasasshen sukari. Iya ta finciko shi ta danne a cinya.

“Zauna nan, angona, kada ka ƙone a ce ni na kashe miji.”

Ta biyun ta yi kyau. Muka zuba a faranti, ta sha iska, na yanka. Muka yi kantun riɗi ma. Babban ya je gona ya yanko zangarniyar alkama da ta bushe, amma karan alkama ba ya ɗaukar nauyi, sai muka haɗa kowace da tsinken tsintsiyar kwakwa. Ni ina naɗe alawa a leda, yarinyar tana ɗaurewa da zare a ƙarƙashin zangarniya, harshenta a waje don tsabar himma. Duk hannun da ya miƙo sai ta make shi, har nawa. Ɓarɓashi da ƙanzon tukunya kawai ta yarje wa ’yan uwanta. Muka cika gwangwanin madarar da laka, muka kakkafa su a ciki. Da muka gama, wallahi abin ya yi kyau. Iya ma sai da ta ce a matso mata da shi.

Washegari da hantsi muka kama hanya ta bakin babbar magudanar ruwa, ƙaramin a wuyana. Na ce ni zan riƙe damin, kuma a buɗe, don haka na ga an yi a Kadawa. Gaskiyar magana, so nake a gani a yaba.

Abin da ban tuna ba shi ne a wajenmu ba a wuce mutane da abin ci a buɗe ba a ce bismillah ba. Galibi sai a amsa da alhamdulillah, kowa ya kama gabansa. To amma wannan baƙon abu ne. Masu tsinkar tumatir na farko da na yi wa tayi suka ajiye kwanduna suka taho.

“Mai ruwa, yau alkama ce ta haifi alawa? A wace gona kake sako wannan ruwan?”

Kowa ya zare ɗaya. Gaba kaɗan muka haɗu da wani abokina a kan keke, ya zare tasa, ya ƙara da ta ’ya’yansa. Ina ta yaƙe, kunya ta hana ni hanawa. Kafin mu kai gada gefe guda ya zama sanƙo. Na waiwaya na ga idon yarinyar ya ciko, ga kuma majalisar dattawa a gindin mangwaro a gabanmu.

Ta ja gefen rigata. “Baba, kawo in riƙe maka, hannunka ya gaji.”

Na miƙa mata. Ta kwance kallabinta ta lulluɓe damin, ta ƙulle a gindin gwangwanin, ta ɗora a ka ta dafe. Muka yi sallama muka gaisa da dattawan.

Wani tsoho ya ce, “Ke amaryata, me kika rufe haka ba tayi?”

Ta rusuna da kayan a kanta. “Aike ne, Malam.”

“To, aike amana ne. Wuce, Allah Ya yi miki albarka.”

Har muka shiga Bunkure ba wanda ya ƙara miƙo hannu.

A gidan surukai iyakata zaure. Yaran suka shige, na zauna ina jiyo hayaniyar mata da dariya. Can sai ga uwar yaran tana takowa a hankali, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan rungume da gwangwanin, yarinyar riƙe da gefen zaninta. Ta juya gefen da ya cika ya fuskanci waje.

“An ce kai ka dafa.”

“Ni ne. Rabin ya tafi a hanya. Sauran ’yarki ce ta kawo miki shi.”

Ta dubi yarinyar ta ce, “To, zaɓar mini wadda kika fi ɗaurewa da kyau.”

Yarinyar ta daɗe tana dubawa kafin ta zaro.