Ramin Guntu Bakanike

Ina hawa na biyu na wani gini, ina shafen bango, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na so in ƙyale ta, don kwaɓin siminti ba ya jiran mai surutu. Da na ga matar Guntu ce, sai na goge hannu a wando na ɗauka. Ko sallama ba ta yi ba.

"Magini, mota ta faɗo wa baban yara."

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "A ƙofar garejin. A waje, a ƙasa."

Sai na zauna a kan katako. Ba ta kai ga faɗa mini ya cika ba, kukanta ya faɗa mini.

Guntu ake ce masa tun muna yara, don tsawonsa bai wuce kafaɗata ba, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya shiga kanikanci, ni kuma na bi magina. Shekara talatin ya yi a wani fili na bakin titi, inda ba rufi ba daɓe, sai matattun motoci da ƙasar da baƙin mai ya rine. Duk motar da ta gagari wasu shi ake kira, kuma saboda ƙanƙantarsa shi ake turawa ƙarƙashi. Haka ya ƙare ƙuruciyarsa a rigingine, tsatsa na zuba masa a ido, ƙarfe na rataye a kan ƙirjinsa, ba abin da ya riƙe shi sai jak da ɗan dutse. Bai kai hamsin ba bayansa ya riga ya tsufa. In ya fito daga ƙarƙashin mota sai ya dafa taya, ya daɗe kafin ya miƙe.

Wata rana ya ce mini, "Kai ka more, Magini. Kana aikinka a tsaye kamar mutum. Ni kuwa kullum a kwance, sai ka ce majinyaci. Kafin in mutu sai na gyara mota ina tsaye a kan ƙafafuna."

Burinsa ke nan duka. Bai ce zai yi arziki ba, bai ce zai tara ma'aikata ba. Gareji yake so, nasa na kansa, mai rami a tsakiya, wanda mota za ta hau samansa da tayoyinta huɗu a ƙasa, shi kuma ya sauka ya tsaya ƙarƙashinta.

Akwai ɗan fili a jikin gidansa, inda matarsa take shanya. A nan ya kafa ido. Shekara biyu yana zana garejin a bayan wata tsohuwar kalanda, ya zana ya goge, har takardar ta yi laushi kamar tsumma. Mutumin da bai yi nisa a makaranta ba, amma na yi aiki da masu takardu da yawa da ba su kai shi tunani ba. Ya ce ƙofa ta kalli gabas don hasken safe ya shiga har ƙarƙashin mota. Rufi ya ɗaga ta gefe ɗaya don zafi ya sami hanyar fita. Daɓe ya gangara da kaurin yatsa biyu zuwa wata 'yar kwata, don baƙin mai ya taru a duro, kada ya malale inda yara ke wasa. A jikin ramin kuma a bar ƙananan tagogi na ajiye fitila da sifana, don kada ya riƙa hawa da sauka.

Ran da za mu fara haƙa, ya tsaya a jikin bango ya ce in shata alli daidai kunnensa. Zurfin ramin ke nan.

Na ce, "To in dogon mutum ya zo aiki fa? Ai sai ya sunkuya."

Ya ce, "Ya je ya haƙa nasa. Ni ma na sunkuya wa duniya, ya isa."

Hali kuwa babu, sai dabara. Kwanon rufi daga wani sito da aka rushe ya samo, ya bi kowace huda ya liƙe da kwalta. Ginshiƙai daga gangar jikin wata tsohuwar babbar mota aka yanko su. Gilasan gaban mota guda uku da aka yar don sun ɗan tsage, ya sa su a rufi, sai ga haske tar ba tare da lantarki ba. Bulo da hannunsa ya buga, biyar yau, bakwai gobe, bayan ya taso aiki. Ya sami wani faffaɗan katako ya kafa a bango, ya rataye kayan aikinsa, ya zagaye kowanne da farin fenti, yadda in sifana ɗaya ta ɓata siffarta za ta tsaya tana ƙara. Abu ɗaya ne ya ƙi yarda a yi masa kwaskwarima: bakin ramin, inda tayoyi za su taka. Nan sabon rodi ya saya da siminti mai kyau. Ya ce, "Ko'ina a tsuke, ban da nan. Nan rai yake."

Duk wannan wahala, ba wanda ya fi yi mata dariya kamar yayan matarsa, wanda kowa a gidan yake kira Babban Yaya. Mutum ne mai ƙatuwar mota da ƙaton ciki, wanda shekara da shekaru Guntu ke yi masa gyara, ko sannu ba ya samu. In ya zo ganin ƙanwarsa sai ya tsaya a bakin ramin, yana kaɗa makulli.

"Ƙanina, kabari kake haƙa tun da ranka? Ai ka bari mu yi maka."

Guntu ya yi murmushi ya ce, "Gareji ne, Yaya."

"Gareji? Na zamani ko? Da kayan bola? Wallahi 'yan gwangwan suka biyo ta nan sai sun kwashe ka har da ginin."

Ni nake tafasa, shi kuwa sai ya dafa ni. "Bar shi, Magini. Yayan mata ai uba ne. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Muka zuba kankaren bakin ramin wata ranar Lahadi, ni da shi da matarsa tana miƙo ruwa. Kankare irin wannan sai ya yi mako uku yana shan ruwa kafin a ɗora masa nauyi, in ba haka ba ya tsage daga ciki, ba mai gani sai ran da ya ci mutum. Guntu ya riƙe shi kamar jinjiri. Safe da yamma yana kwara masa bokiti, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Ruwan da ya yi saura kuwa ya bi gangaren da Guntu ya tsara da kansa, da yake ba a kafa duron ba tukuna, ya fita ta ƙofa, ya riƙa tsuma ƙasar da ke gaban garejin. Samanta ya bushe, ƙarƙashinta ya zama taɓo. Ni magini ne, ban lura ba. Shi bakanike ne, bai lura ba. Idonmu duka yana kan ramin.

A kwana na goma sha biyar Babban Yaya ya kawo motarsa da rana, wai wani abu na ƙara a ƙasa kuma gobe yana da tafiya. Matar Guntu tana ƙofar gida, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya.

Ya ce, "To ga ramin da aka ishe mu da shi, shigar da ita mana."

Guntu ya ce, "Bai gama ƙwari ba, Yaya."

"Shi ke nan, duba ta a nan. Minti biyar ne. Ko so kake in kai wa bare, ina da ƙani bakanike? A ce me a gari?"

Wa ya taɓa ganin Guntu ya ce wa wannan mutumin a'a? Ya kafa jak, ya cire taya, ya tokare da bulo ɗaya, ya shige kamar yadda ya yi sau dubu. Shi kuwa Babban Yaya rana ta dame shi. Ya buɗe ƙofa, ya jefa wannan jiki nasa a kujera, don ya sa wayarsa a caji. Ƙanwarsa ta buɗe baki za ta yi magana, jak ya nutse, bulo ya dare. Taku huɗu ne tsakanin kan Guntu da bakin raminsa.

Yanzu duk wanda ya zo gaisuwa, Babban Yaya ne ke tarbarsa, yana girgiza kai, yana cewa kwana ne ya ƙare. Ban yi jayayya da Ubangiji ba, kwana kam ya ƙare. Amma ko yaron goye ya san ba a shiga motar da ke kan jak da mutum a ƙarƙashi. Ko sau ɗaya ban ji ya ce ni ne na zauna ba. Waɗanda suka taya shi dariya kuwa, yanzu su ne ke leƙa garejin suna cewa kai, marigayi akwai basira, dubi haske, dubi tsari. Ina bakinku yake lokacin da yake ɗauko kwano a ka?

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, shekaranjiya ne. Babban Yaya ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Magini, kai ka san aikin. Wannan ramin, yashi mota nawa zai cike shi? In aka shafe aka raba biyu, shaguna ne masu kyau. Kuma ka ga yaran nan, kada wani ya faɗa."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ramin nan bai taɓa cin kowa ba, Alhaji. Wajensa ne ya ci. Ka nemi wani maginin, hannuna ba zai zuba ko cokali ɗaya ba."

Matar Guntu tana bayan labule, ta ɗaga murya ta ce, "Ba mai cike shi, Yaya. Filin shanyata ne na ba shi, ban ba ka ba." Tunda nake, ban taɓa jin ta mayar wa yayanta magana ba sai ran nan.

Ina ta zagin mutumin nan a zuciyata, kuma ya cancanta. Sai dai akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Da safen ran da abin ya faru na biya ta wurin Guntu kafin in wuce aiki. Na same shi cikin ramin, tsaye, ya ɗaga hannuwa sama yana kwance wani ƙusa da babu shi, yana dariya shi kaɗai. Da ya gan ni ya ce, "Mutumina, Yaya ya bugo, zai kawo mota an jima. Duba mini bakin nan. In ɗora ta?"

Na tsuguna na ƙwanƙwasa da bayan cokalin gini, na saurara. Ya yi ƙwari, wallahi ya yi. Amma na ce, "Saura kwana shida. Aikin da muka sha wa wahala, kada ka ɓata shi don wancan mai tumbin."

Ya ce, "Ko a hankali? Ko gaban kawai?"

Na ce, "Ko keke kada ka ɗora."

Ya shafa bakin kankaren da tafin hannunsa, ya fito. Ya ce, "To, Injiniya, na bi umarni. Bari in nemo kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashin mota, Allah ya sa yara ba su ƙona shi ba."

Na ce, "Sai na biyo da yamma."

Ya ce, "Ka zo da wuri, ka taya ni ba kankaren ruwa."