Yaron Sara da Akuyarsa

Shekarun baya, tun ina da gashi a kaina kuma ina ganin babu wanda ya kai ni dabara, ni da wani abokina muka kafa wata 'yar mujalla ta yara. Kwanan nan wani daga cikinku ya tambaye ni tarihinta, ya ce ya tsinci guda ɗaya a akwatin mahaifinsa. Na ba shi amsar da nake ba kowa: malamai biyu ne suka kafa ta a Birnin Kudu, ta yi 'yan shekaru ta mutu. Ba ƙarya na yi ba, amma akwai wurin da na daɗe ina tsallakewa.

Tare muka gama kwalejin horon malamai, daidai lokacin da ake ta buɗe firamare a ƙauyuka. Azuzuwa sun cika maƙil, amma yara ba su da abin karantawa sai abin da malam ya rubuta a allo. Abokina ne ya kawo shawarar. Shi gwanin zane ne, ni kuma gwanin surutu a takarda. Wani babban jami'i a ofishin ilimi ya yarda mu riƙa amfani da tafireta da injin buga takardu, irin wanda ake juyawa da hannu. Shafi takwas ce: tatsuniya, kacici-kacici, lissafi, tsafta, sai shafin ƙarshe na wasiƙun yara. Hedimastoci ke ɗauka in sun zo taron ƙarshen wata, su ne kuma za su kawo mana wasiƙun.

Fitowa uku muka yi tare. Sai kuɗin man fetur ya fara kwashe mutane zuwa birni, abokina ya sami aiki a Legas. A tasha ya ce mini, "Ka riƙe ta da kyau, zan riƙa aiko zane." Sau ɗaya ya aiko.

Ni kuwa aka tura ni Dingaya a ƙasar Gwaram, inda ban san kowa ba. Mutanen kirki ne, ban taɓa kwana da yunwa ba. Sai dai ni "Malam" ne. In na isa majalisa sai a gyara zama, a yi ta gaishe ni, hira ta mutu. Da na gane haka sai na daina zuwa, don kada in riƙa kashe musu hira. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a garin nan.

Ga shafin wasiƙu kuma fayau, wata bayan wata. Ran nan jami'in ya juya mujallar ya ce, "Malam, in yara ba sa rubutowa, ai ba sa karantawa ke nan. Wata mai zuwa in shafin nan ya zo haka, sai mu haƙura da ita."

Nan dabarar tawa ta motsa. Na yago takarda daga littafin rubutu, na kama fensir da hannun hagu, na ƙirƙiro wani yaro ɗan aji huɗu a garin Sara. Na raɗa masa suna, na ba shi wata jar akuya mai cinye masa aikin gida. Har kurakurai na sa masa da gangan. Jami'in ya karanta ya yi ta dariya, mujalla ta tsira. Daga nan kowane wata yaron Sara sai ya rubuto: akuya ta shiga aji, akuya ta ci hular liman, akuya ta haifi tagwaye. Ba zan ɓoye muku ba, na koma ɗokin a tashi daga makaranta in zauna in rubuta wasiƙarsa. Shi kaɗai ne abokin hirata.

A wata na biyar hedimastan Kwandiko ya miƙo mini wata takarda a ninke. A bayanta an rubuta, "Zuwa ga yaron Sara mai akuya." Wani yaro ne da cutar shan inna ta taɓa wa ƙafafu. Ya bar makaranta a aji uku, da ya yi wa yayansa nauyin goyo, malaminsa ke kai masa mujallar gida. Ya ce, "Kullum ina zaune a zaure, yara suna wucewa. Ina so ka zama abokina. Yaya akuya?"

Murna na yi, amma ba ta kirki ba. Abin da na gani kawai shi ne yau ga wasiƙa ta gaske. Na buga ta, na sake kama fensir da hagu na amsa masa: "Na yarda, kai abokina ne." Wata huɗu suna musayar wasiƙu a shafin ƙarshe, shi da yaron da babu shi.

Hedimastan Sara ne ya tare ni a wani taron ƙarshen wata. Shi dama rabawa kawai yake yi, bai taɓa buɗe mujallar ba.

"Malam, wane yaro ne kake cewa yana makarantata? Ranar kasuwa wani dattijo ya zo tun daga Kwandiko da ɗansa a kan jaki, da ƙunshin dusa wai na akuya. Na tara 'yan aji huɗu kaf, babu mai sunan. Suka zauna gindin bishiya har la'asar, ko zai ɓullo."

Ranar Asabar na hau keke zuwa Kwandiko. Na tarar da mahaifin a zaure yana tufkar igiya, yaron a kan tabarma, mujallunmu jere a gefensa an naɗe su da ƙyalle. Muka gaisa, aka kawo ruwa, na kasa sha. Na faɗi komai, ina kallon ƙasa.

Dattijon ya ajiye igiyar. "Haba Malam. Kai da muke ba 'ya'yanmu ka koya musu gaskiya?"

Na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini."

Yaron bai yi kuka ba. Ya kalle ni ya ce, "To akuyar fa?"

"Ita ma babu."

"Tagwayen?"

Na girgiza kai. Ya waiga ya dubi ƙunshin dusar, yana nan a jingine a lungu ba a kwance ba. Can ya ce, "Malam, kai ma ba ka da wanda za ka rubuta wa ne?"

Na yi sallama na fito, sai da na yi nisa da gari ina tura keken kafin na tuna ana hawansa.

Na je na gaya wa jami'in, ina jiran ya ce a rufe. Ya yi mini faɗan da na cancanta, ya ce fitowa ɗaya ta rage mini, kuma in rubuta gaskiyar da sunana a shafin ƙarshe. Ina cikin bugawa hedimastan Kwandiko ya shigo da takarda. Rubutun yaron ne, amma wannan karon a bayanta ya sa, "Zuwa ga duk yaron da yake akwai da gaske." Na buga ta a ƙarƙashin ban haƙurina.

Wata na gaba sai ga wasiƙu daga Gwaram, daga Dingaya, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, har jami'in ya ce a ci gaba, aka kuma ƙara shafi. Ɗaya daga wani ɗan aji huɗu ne na Sara, wanda ya ga yaron Kwandiko a gindin bishiya ran nan. Ya ce shi ba shi da akuya, amma yana da zabi biyu, in yana so ya zo ya gani.

Shi ya sa in na ƙirga waɗanda suka kafa mujallar nan a raina, uku nake samu. Mu biyu mun kawo takarda da tawada, yaron Kwandiko ya kawo masu karatu. Na kuma koyi cewa yaro ba ya karanta abu da rabin zuciya, duk abin da ka rubuta masa ya ɗauka ke nan.

Na koma Kwandiko sau biyu bayan haka. Yaron ya gaishe ni da ladabi, "Sannu da zuwa, Malam," ya ci gaba da karanta wasiƙun abokansa. Bai sake rubuto mini ba, ni ma ban sake kama fensir da hagu ba. Har yau tambayarsa na nan a raina. Amsar da na kasa ba shi a zauren nan ita ce, a lokacin ba ni da kowa sai shi.