Yadda Gadon Tsahara Ya Shiga Tseren Mota

Duk wanda ya zauna Ƙonni shekarun nan na bayan samun 'yancin kai ya san kafin ka ga Arzika makanike sai ka ji shi. Wani dunƙulen mayen ƙarfe ne ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya sa masa igiya ya ɗaura a ƙugu, yana tafe yana jan abinsa a ƙasa kamar mai jan ɗan akuya. Ƙusa, noti, guntun waya, marfin kwalba, duk abin da ya maƙale ya zama nasa. In ka ce, "Arzika, mi za ka yi da wanga tsatsa?" sai ya harare ka ya ce, "Ƙarhe ba shi mutuwa, kwana shika yi."

Ni Nomau tela, taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Saboda haka in kun ji na yi masa tsiya, haƙƙina nake ci. Shi ma yana raye bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana".

Wata ranar kasuwar Illela muka bi ta gaban wani ɗan koli da ya baza allurai a kan tabarma. Ba mu yi nisa ba muka ji ihu a baya. Muka waiga, ga mayen ƙarfe ya yi gashi kamar bushiya, ga ɗan koli ya taho da sanda.

"Ɓarawo! Allurraina!"

Arzika ya tsaya, ya dubi abin, ya dubi mutumin, ko kunya babu.

"Malam, ka ga na duƙa? Ka ga na miƙa hannu? Su sunka biyo ni. Ka tambaye su mi kay yi musu."

Sai da muka zauna cikin rana muna cire allura ɗaya-ɗaya, ni nake ba da haƙuri, shi yana ƙorafin wai an haɗa da ƙusarsa.

To, wannan mutumin ne ya ji labarin Nasaran da ke aiki wajen Malbaza da wasu ma'aikatan buro, wato ofisoshin gwamnati, za su yi tseren mota tsakaninsu, ta hanyoyin daji, a bi ta gefen Illela a ƙare a Badagishiri. An ce duk mai mota ya zo, amma sai motar ta ci bizit, wato a duba ta a tabbata ba za ta kashe mai ita ba. Arzika ba shi da mota. Abin da yake da shi wani mushe ne da ya jawo da shanu daga kwazazzabo, ba gilashi, ba kujeru, kaji har sun saba yin ƙwai a ciki. Ya shiga ɗakin tarkacensa ya fara tashin ƙarafa daga barci. Ƙofa ɗaya shuɗiya, ɗaya ja. Fitila ɗaya ta kamyo, babbar motar kaya, ɗaya ta babur. Ranar da injin ya tashi, jakunan unguwa sai da suka tsinke igiya. Ya samo ragowar fenti ya sa aka rubuta a bayanta: SANNU BA TA HANA ZUWA.

Na ce, "Taubashi, motar tsere aka rubuta ma sannu?"

Ya ce, "Sabadda na baya nir rubuta, in sun karanta su yi haƙuri."

Dokar tseren ta ce mutum biyu a mota, ɗaya na tuƙi ɗaya na nuna hanya. Ban nema ba, ban yarda ba, na dai ji ana yi mini barka a masallaci.

Mai duba motocin wani Nasara ne dogo mai jan gemu, mu dai Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane Nasara a wajenmu. Kuma in faɗi gaskiya, mutumin kirki ne, rayukanmu yake tattali, mu ne ba mu san ciwon kanmu ba. Zuwanmu na farko ya zagaya motar. Ya taka burki, ya gyaɗa kai. Ya ce ina ɗamarar kujera? Na fito da aikina, majayin sirdi ne na ninka na ɗinke da zaren jima. Ya rataya a jiki ya ja da dukan ƙarfinsa, ko gezau. Nan kaina ya kumbura. Ya ce ina abin kashe wuta? Arzika ya nuna salkar ruwa da ya rataya a bayan kujera, da buta. Mushe ya rufe ido. Ya ce ina hulunan ƙarfe? Arzika ya fito da tukwanen dalma biyu, ya cusa musu tsumma, ya huda gefe ya sa igiya. Kafin in yi magana ya kifa mini ɗaya a ka, ya ɗauki sifana ya maka wa tukunyar. Jama'a, har yau in hadari ya taso kunnen nan na hagu yana amsawa.

"Ka gani, Mushe? Bai mutu ba."

Mushe ya yi dariya har da hawaye, ya ce ta bakin tafinta zai ara mana huluna nasa, abin kashe wuta kuma mu roƙa wurin direbobin tankar mai. Amma sai ya ɗora tafin hannu a rufin motar ya danna, rufin ya lotsa kamar faranti. Nan dariya ta ƙare. Ya ce sai an yi keji na bututun ƙarfe mai kauri a ciki, wanda in mota ta kife zai tare mu. In babu shi, babu tsere.

Arzika ya birkice ɗakin tarkace, bai sami bututu mai kauri ba. A duk gidan abu ɗaya ne ke da irin wannan ƙarfe: gadon matarsa Tsahara. Ku da kuka san ta kun san gadon nan. Mai rumfa ne, da ƙwallayen tagulla a kan sanduna, marigayiya uwarta ta kawo mata shi daga Sakkwato a bayan raƙumi lokacin aurenta. Abin da ya rage mata na uwarta ke nan, kullum sai ta goge shi da toka da lemun tsami.

Tsahara ta tafi suna Malbaza. Da ta dawo ta tarar da katifa a ƙasa, an shimfiɗa zane an ja shi sumul, an jera matasai, har da turare ya kunna, munafuki. Ina gidan, na zo gwajin hula.

"Malam, ina gadona?"

"Shina nan lahiya lau. Aro niy yi."

"Wa ka ara ma?"

"Mota."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta je ta leƙa cikin motar, ta ga sandunan gadonta an lanƙwasa an yi musu walda, ƙwallayen tagulla na nan a kusurwa suna walƙiya. Ta daɗe tana kallo. Ta dawo ta ɗaure ƙunshinta ta ce, "Nomau, ka gaya ma ɗan'uwanka, ran da gadona yad dawo ɗakina, shi zo shi same ni gidanmu." Ta bi motar kasuwa ta tafi ƙauyensu, can gab da Illela.

Na ce, "Taubashi, ka yi ɓarna. Sare ƙarhen ga ka tahi biko."

Ya ce, "Bayan tsere." Amma na lura tun daga ranar ko tuwon da uwargidana ke aika masa ba ya cinyewa, kuma a cikin motar yake kwana.

Ranar bizit na biyu Mushe ya shiga ya girgiza kejin, ya buga da guduma, ya tsaya a kan ƙwallayen tagulla yana shafa gemu. Ya tambaya mene ne amfaninsu. Arzika ya ce ado. Mushe ya ce waldar ta yi, ya yarda. Da mai hankali ne ai sai ya yi godiya ya tafi. Ina! Arzika ya ce shi ba a yarda da aikinsa don kara, sai an gwada. Ya kira 'yan dako.

"Bawana, shiga."

"In shiga ina?"

"Ɗamararka mu ka gwadi. Ko ba ka yarda da ɗunkinka ba?"

Ku ji makirci! A gaban mutane ya taɓa sana'ata. Na shiga, na ɗaure, Mushe na ɗaga hannu yana a'a, a'a, 'yan dako suka ce "ya Allah" suka kifar da motar. Ga ni rataye ƙafa sama, riga ta rufe mini fuska, goron aljihuna na zuba, ina salati da ƙarfi. Ina jin Arzika a waje yana cewa, "Ku bar shi kaɗan, Mushe bai gama dubawa ba." Keji bai motsa ba, ɗamara ba ta tsinke ba. Mushe ya manna mana lamba a ƙofa da sauri, ina jin don kada mu ƙara gwada wani abu.

Ranar tsere kuwa, abin mamaki, motar nan ta yi gudu! Arzika ya san kowane rami na hanyar. A wata ƙorama muka tarar da motocin Nasara sun nutse cikin rairayi, ya rage gudu ya leƙa ya ce, "Sannunku da aiki!" ya bi ta inda shanu ke bi muka haye. Na fara jin daɗi, har ina nuna hanya da hannu kamar na san ta.

Sai ga ƙauyen su Tsahara, hanyar ta ratsa ta bakinsa. Mutane sun fito kallo, ga surukinsa, tsoho Tankari, zaune a kan buzu a gindin bedi. Na ji mota na rage gudu.

"Mi kaka yi? Taka mai!"

"Kai ba ka da kunya? In wuce Baba da takalmi, in watsa mishi ƙura?"

Ya tsaya nesa, ya kashe inji, ya tuɓe takalma. Hular ce ta ƙi fita, igiyar ta sarƙe, haka ya tafi da ita ya durƙusa. Aka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina zafi, ina bisashe. Mota ta wuce, fuuu. Tsohon nan ya san abin da yake yi sarai, ya bi dangin Arzika na Ƙonni ɗaya bayan ɗaya yana tambayar lafiyarsu, har da waɗanda suka rasu. Wata motar ta wuce. Arzika kai a ƙasa, "Lahiya lau, Baba." Ina kallon zufa na bin wuyansa, amma ko waige bai yi ba.

Da ƙurar ta ƙarshe ta lafa, tsoho ya tashi da sandarsa ya zo ya leƙa cikin motar. Ya shafa ƙwallon tagulla ɗaya. Ya ce, "Ni niɗ ɗaure shi ga raƙumi." Ya aika a kira ɗiyarsa.

Tsahara ta fito, ta tsaya ba ta dubi mijinta ba. Arzika ya tashi ya buɗe bayan mota ya ɗauko zarto, ashe tun daga gida ya taho da shi. Ya ɗora a kan sandar farko ya fara ja. Mutumin da ya yi wata da watanni yana haɗa motar nan, ga lamba a ƙofa, ga Badagishiri saura ƙiris. Wallahi sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Tsahara ta ce, "Bari."

Ya tsaya.

"Tunda gadona za shi Badagishiri, ba shi zuwa ba ni. Nomau, ba ni hular."

Haka aka sauke ni, ni da na rataya ƙafa sama don motar nan. Ta zauna a kujerata, ta ɗaure da ɗamarata, ta kafa hula a kan kallabi, suka tafi a hankali don kada su yi wa Baba ƙura. Sun isa an naɗe tuta, ana kwashe kujeru, kuma aka ce ko da sun zo da wuri an fitar da su, don sun sauya mutum a hanya. Ni kuwa a kan buhunan albasa na koma Ƙonni.

Kasuwa ba ta zagayo ba ya sare kejin, ya miƙe sandunan, ya mai da gado ɗakinta. Motar ba ta ƙara tashi ba, kaji suka koma gidansu, bai kuma ƙara zancen tsere ba. Sai dai gadon bai koma daidai ba. Ya lotsa a tsakiya, duk ta inda ka hau sai ka gangara can. Tsahara takan yi mita ta ce ko fushi mutum ya yi, gadon nan ba ya barinsa ya juya baya.

A kansa Arzika ya yi jinya, a kansa ya cika. Bayan an share makoki 'ya'yanta suka kawo mata sabon gado na katako, ta ce a mayar. Na je gaishe ta, na ce, "Haba Tsahara, ki huta ma bayanki mana." Ta yi murmushi, sai kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta ce, "Har yanzu shina gangarawa da ni tsakiya, Nomau. Sai in iske ba kowa."

Na rasa tsiyar da zan yi, na tashi na fito.

Allah ya jiƙan Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Tsahara haƙurin rashinsa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.