Keken Kaka da Lissafin Gajiya

Sakamako ya fito yau, jama'a, na haye! Digiri na biyu a fizis ya shiga aljihu. Tun safe yatsana bai huta ba, sai tura saƙo nake. Ina cikin haka wani mai ruwan leda ya wuce bakin hostal a keke, sarƙar tana kuka ƙiii, ƙiii. Sai na ji murnar ta yi sanyi, na nemi wuri na zauna.

Kun san lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata. Mu muna Banga, makarantarmu tana Kaura. Malamin fizis ya sa mana darasin Asabar a kan dimenshan, wato a warware kowane abu a ga nauyi nawa, tsawo nawa, lokaci nawa ke cikinsa: M, L da T. Ya ce ƙarshen zango akwai gwaji, wadda ta faɗi ta bar ajin kimiyya. Motar mata kuwa ran Asabar sai ki bushe a bakin hanya ba ta zo ba. Babanmu yana fama da gona, ya ce in haƙura kawai.

Kakana na wajen uba ne ya jawo tsohon kekensa daga zaure, ya kakkaɓe sirdin. Da ma matarsa yake kirana, irin wasan jika da kaka.

"Hau mu tahi, amarya. In ga mai hana ni ɗaukar matata."

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo, hanya duk yashi mai laima, taya tana nutsewa. Ina bayansa ina warware lissafi da ƙarfi don kar ya zube. Gudu, tsawo a kan lokaci, LT⁻¹. Ƙarfi, nauyi sau ƙaruwar gudu, MLT⁻². Shi ko numfashinsa kawai nake ji, rigarsa ta manne da bayansa, warin zufa da na goro. In mun zo tudu sai ya sauka ya tura, ya hana ni sauka wai takalmin makaranta zai ɓaci.

Wata Asabar ya tsaya gindin tsamiya, ya dafa gwiwa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya samu numfashi ya ce, "Wanga abu da kike ta karantawa, mi a nashi amfani?"

Na ce komai na duniya ana iya warware shi da haruffan nan uku.

"To warware min gajiya."

Na juya ta nan, na juya ta can. Na ce ba ta cikin littafi.

"Ashe da sauranku," in ji shi. Ya tofar da goro, muka ci gaba.

Ran gwaji tambaya mai maki mafi tsoka ita ce dimenshan na aiki. Wallahi kaina ya ɗauke wuta, haddar duk ta gudu. Sai na tuno ƙafar kakana a kan feda, yana dannawa, hanya tana raguwa. Ƙarfi sau nisa. Na ƙara L ɗaya a kan na ƙarfi, ML²T⁻² ta fito. Na zauna daram a ajin kimiyya. Da na faɗa mishi sai ya ce to madalla, yanzu amarya ta bar miji ya huta.

Bai ƙara hawa keken ba, gwiwa ta ƙi. Ya rasu ina aji ɗaya a jami'a.

Yanzu hanyar nan ko mai mota sai ya tambayi labari kafin ya bi ta, balle tsoho da yarinya a keke. Keken yana nan rataye a zaure, taya ta ruɓe. Yau na tura wa kowa saƙo, har waɗanda ba su tambaya ba. Shi da ya yi tambayar, shekara da shekaru ina karatun abin nan, har yanzu ban samo mishi amsa ba.