Saje Hammadu, Wanda Ya Ajiye Fulako a Ruwanda

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran taubashina, Saje Hammadu Lakwaya, tsohon soja. Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Hammadu, tun muna bin shanu nake tsokanarka da fulako. Ko a gidan biki sai ka ce ka ƙoshi, alhali cikinka na ƙugi. Har muka yi furfura ban taɓa ganin loma ta shiga bakinka ba.

Ashe Bature ya riga ni gani! Ranar sadakar uku wani dattijo mai suna Brennan ya kira mu a waya ta bidiyo daga Ostireliya, ɗanka Abdulnasir yana yi mana tafinta. Ya ce a 1995 kun haɗu a Ruwanda wajen aikin kiyaye zaman lafiya, kana gadi, shi kuma kofur ne mai ɗaukar waɗanda aka jikkata. Ya kwashi gawarwakin yara har abinci ya fita ransa. Ya rame kamar kara, likitocinsu suka yi lallashi har suka gaji.

Sai ka zauna gabansa da kwanon shinkafa, ka gaya masa a danginku namiji ba ya tauna a gaban baƙo, abin kunya ne babba. Ka ce, "Yau na ajiye kunyata saboda kai. Loma ɗaya ni, loma ɗaya kai." Ya ci. Kullum haka kuka yi har ya murmure. Yau jikokinsa biyar.

Kai kuwa ko sau ɗaya ba ka ba mu labarin nan ba. Wallahi na yi alfahari da kai, har na kasa riƙe hawaye.

Brennan ya ce tun da ya ji rasuwarka bai iya cin komai ba. Matarka Uwaliya, wadda ita ma ba ta sa komai a bakinta ba tun ranar Talata, ta jawo kwano gaban wayar, mata cike da ɗaki. Ta ce, "Abdulnasir, ka ce masa bismillah. Loma ɗaya ni, loma ɗaya shi."

Allah Ya jiƙanka da rahama, Hammadu, Ya ba Uwaliya da 'ya'yanka da mutanen Lakwaya haƙuri. Allah Ya ciyar da kai a Aljannar Firdausi, ka ci ba kunya. Amin.