Sabon Fenti a Foraj ɗin Bayan Mai Rairai

Ana idar da sallar asuba muka bar Tasawa, ni da mai moto, ɗan babur ɗin da mutanen ƙauyen suka aiko. Sana'ata gyaran gurub, injin da ke ba famfon foraj, wato rijiyar burtsatse, wuta. Lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba, mai son Faransanci mai daɗi ya nemi wani. Saƙonsu gajere ne: gurub yana tashi ya mutu, ruwa ya yanke, dabbobi sun fara kwanciya.

Hanyar Mayahi ta girgiza mini ƙugu har na daina jin ƙafafuna. Gonaki dama da hagu, karan bana ko akuya ba za ta ɓuya a cikinsa ba. A bariya, shingen bincike, wani soja da na haife shi ya zazzage jakata a ƙasa, ya ɗaga sufana yana juyawa. Na ce masa ba ta harbi. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

A Mayahi muka sha shayi da burodin jiya. Na tambayi tiyar hatsi, da mai awo ya faɗi kuɗin sai na ce Allah ya kyauta, na wuce. Daga nan rairayi ne zalla. Muna wuce Mai Rairai moto ta fara nutsewa, wurin da ta ɗauke mu da wurin da muka ɗauke ta kusan ɗaya ne.

Rana ta take muka isa. Shanu zube kewaye da kwamin shan ruwa, busasshe ƙarau. Wani tsohon Bafillatani ya tare ni tun ban sauka ba.

"Malam, in la'asar ta yi babu ruwa, kudu zan kora su. Na san ba duka za su kai ba."

Na shiga ɗakin inji, sai warin fenti. Gurub kore shar, har ƙusoshi an shafe. Na tambayi mai gadi wa ya yi wannan kwalliya.

"An ce Kwamanda zai zo rangadi. Maigari ya ce a gyara wuri."

"Ya zo?"

"Bai zo ba tukuna."

Akwai wani ɗan abu kamar babban yatsa da muke kira kaftar, ana ɗaura shi dab da haƙoran babban faifan inji. Cikinsa waya ce siririya a naɗe. Duk haƙorin da ya gifta sai ta ji shi, da haka akwatin wuta ke sanin gudun injin. In akwatin bai ji komai ba, sai ya kashe injin don kar a yi ɓarna. Masu fenti sun kwance shi, shi ma sun shafe shi, da suka gama suka mayar, amma suka ja shi baya sosai.

"Don kar ya goga ƙarfe, Baba," in ji mai gadi. "Tausaya masa muka yi."

Ban zage shi ba, ƙarfin zagin ya ƙare a rairayi. Na kankare fentin bakinsa, na murɗa shi har ya taɓa haƙori, na dawo da shi kaɗan, na ɗaure. Gurub ya tashi, bai mutu ba. Kafin la'asar ruwa ya sauka a kwami, shanu na ture juna, mata na guɗa.

Wata farar saniya ce ba ta tashi ba. Tsohon ya kai mata ruwa a ƙwarya har bakinta, yana kiranta da sunanta, ta kau da kai. Aka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Da za mu juyo ya ɗaura mini cinyarta a bayan moto. Na ce ya bar ta, ya ce ba a mayar masa da kyauta.

Sai da dare ya raba na isa gida. Washegari uwar yara ta dafa naman, ko ɗigon mai babu a bisa romon. Yara suka cinye, ni na sha hura na miƙe ƙafa.

Abin da na gani ke nan. A ƙasar nan in an ce babba zai zo, har inji sai ya yi ado, mai ƙishirwa kuwa ya jira. Da zan fito daga ƙauyen na ji maigari yana tambaya ko akwai sauran fenti, wai wurin da na kankare ya yi muni.